Kwana Goman Da Suka Ɓace: Abubuwan Mamaki Game Da Kalandar Da Ke Rataye A Ɗakunanmu

Wata Asabar da yamma muna cikin ajin baftisma, sai wani saurayi ya ɗaga hannu ya ce yana da tambaya, amma ba ta shafi darasin ranar ba. Muka ce ya faɗa. Ya ce a garejin da yake koyon gyaran babur wani mutum ya gaya masa cewa Kiristocin Habasha, waɗanda suka riga mu karɓar bishara da shekaru fiye da dubu, ranar 7 ga Janairu suke yin Kirsimeti, kuma ko lissafin shekararsu ba ɗaya yake da namu ba. Mutumin ya ƙara da cewa wannan ya nuna Turawa ne suka ruɗe mu da ranar ƙarya, kuma wanda aka ruɗa a kan rana, an ruɗe shi a kan sauran abubuwa. Saurayin ya ce kwana uku ke nan maganar tana ci masa rai. Ya dube mu ya ce, "Malam, su wa ke da gaskiya, mu ko su?"

Lokaci bai ishe mu amsa masa yadda ya kamata a ranar ba, sai muka yi alkawarin rubuta amsar a wannan fili, domin mun san ba shi kaɗai wannan tambaya take damu ba. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa. To, jama'a masu karatu, ku biyo mu sannu a hankali, domin labarin kalandar nan da muke rataye wa a bango, mu riƙa dubawa don ranar kasuwa da ranar albashi, yana ɗauke da abubuwan da yawancinmu ba mu taɓa ji ba.

Shekara ba ta cika cif

Tushen matsalar duka yana sararin sama. Duniya takan ɗauki kwana 365 da awa 5 da minti 48 da daƙiƙa wajen 45 kafin ta zagaya rana sau ɗaya. Wannan ɗan rarar da ta haura kwana 365 ita ce ta hana masu lissafi barci shekaru aru-aru, domin babu yadda za a rataya rubu'in kwana a jikin kalanda.

Kalandar Romawa ta dā ta rikice ƙwarai, har ya kai watannin da aka sani da girbi suna faɗowa ba a lokacin girbi ba. A shekara ta 46 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya nemi shawarar wani masanin taurari daga Iskandariya ta ƙasar Masar mai suna Sosijinis. Domin a mai da watanni mazauninsu, sai aka tsawaita wannan shekara har ta kai kwana 445. Daga nan aka tsai da doka cewa shekara kwana 365 ce, kowace shekara ta huɗu kuma a ƙara wa Fabrairu kwana ɗaya.

Sunayen watannin da muke kira kullum ma daga can suka fito, kuma akwai abin dariya a cikinsu. A harshen Latin, Satumba na nufin wata na bakwai, Oktoba na takwas, Nuwamba na tara, Disamba na goma. Amma ku ƙirga da yatsunku, za ku ga Disamba wata na goma sha biyu ne. Dalili shi ne a zamanin dā Romawa daga Maris suke fara shekara. Da aka mai da farkon shekara Janairu, sai aka bar wa watannin tsofaffin sunayensu. Yuli kuwa sunan Yuliyas Kaisar ne aka ba shi, Agusta kuma sunan magajinsa Augustas, wato sarkin nan da Luka ya ambata cewa a zamaninsa aka yi ƙidayar da ta kai Yusufu da Maryamu Baitalami.

Gyaran da Kaisar ya yi ya yi kyau, sai dai ya ɗauki rarar nan a matsayin awa 6 cif, alhali kuwa ba ta kai ba. Bambancin minti 11 ne da 'yan daƙiƙoƙi a shekara. Wa zai damu da minti 11? Amma da yayyafi kogi kan cika. A cikin kowace shekara 128, mintocin nan sukan taru su zama kwana guda cur.

Dalilin da ya sa Ista take yawo

Kafin mu ga inda mintocin nan suka kai duniya, sai mun tsaya a kan Ista, domin saboda ita aka yi babban gyara na biyu. Mutane da yawa sukan yi mamakin yadda Kirsimeti ke zaune a rana ɗaya, Ista kuwa bana tana Maris, baɗi tana Afrilu. Linjila ta nuna mana cewa an gicciye Yesu ya kuma tashi a lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, wanda lissafinsa yana bin wata. Saboda haka Ista ta gaji bin wata da rana gaba ɗaya.

A ƙarnonin farko ikilisiyoyi sun yi ta saɓani a kan ranar, har wasu suna cikin azumi wasu suna bikin tashi daga matattu. A shekarar 325 bishop-bishop suka taru a garin Nikiya, wanda yanzu ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya, suka amince a riƙa yin idin rana ɗaya, ranar Lahadi. Ƙa'idar da ta zauna daga bisani ita ce, Ista ita ce Lahadin farko bayan cikar farin wata da ya zo ranar 21 ga Maris ko bayanta. An zaɓi 21 ga Maris ne domin a zamanin ita ce ranar da tsawon dare da na yini suke daidaita. Shi ya sa a kalandarmu Ista ba ta taɓa zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. Rabon da ta faɗo 22 ga Maris tun 1818, kuma ba za ta sake ba sai 2285. Ranar 25 ga Afrilu kuwa ta samu a 1943, za ta kuma dawo a 2038.

Afirka tana da hannu babba a wannan aiki. Da yake Iskandariya ta shahara da masana taurari, bishop ɗinta yakan rubuta wasiƙa kowace shekara yana sanar da ikilisiyoyi ranar Ista. A cikin irin wannan wasiƙa ce, ta shekarar 367, Bishop Atanasiyus ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda suke a hannunmu yau, kuma wannan jeri nasa shi ne mafi tsufa da aka samu a cike haka. Wato dai a cikin takardar sanar da ranar idi abin ya fito.

An kwanta ranar 4, an tashi ranar 15

Shekaru suka yi ta wucewa, mintocin Kaisar suna ta taruwa. Zuwa ƙarni na 16, ranar da dare da yini ke daidaita ta zame daga 21 ga Maris ta koma wajen 11 ga Maris. Masana suka ga in aka bar abin haka, wata rana Ista za ta bar lokacinta gaba ɗaya.

Sai Fafaroma Giregori na 13 ya karɓi shawarar wani likita ɗan Italiya mai suna Liliyus, wanda ya rasu kafin a zartar da aikinsa, da wani firist masanin lissafi mai suna Kilabiyus. A shekarar 1582 aka ba da umarni biyu. Na farko, a tsallake kwana goma. Mutanen Roma da Sifen da Fotugal da Folan suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, gari ya waye musu ranar Juma'a 15 ga Oktoba. A waɗannan ƙasashe babu wanda aka haifa ko ya mutu tsakanin 5 da 14 ga Oktoba na wannan shekara, domin kwanakin ba su wanzu ba. Shahararriyar baiwar Allah nan ta Sifen, Teresa ta Abila, ta rasu a daren 4 ga Oktoban nan, aka binne ta washegari, wato 15 ga wata, kuma ita ce ranar da Katolika ke tunawa da ita har yau.

Umarni na biyu shi ne na hana kuskuren sake taruwa. Aka ce shekarun da ke cika ɗari ba za su sami ƙarin kwana a Fabrairu ba, sai in 400 tana raba su ba saura. Saboda haka 1700 da 1800 da 1900 ba su sami 29 ga Fabrairu ba, 2000 ta samu, 2100 kuwa ba za ta samu ba. Jikokinmu da za su ga wannan lokaci za su yi shekara takwas, daga 2096 zuwa 2104, ba su ga 29 ga Fabrairu ba.

Ƙasashen da suka ce ba su yarda ba

Gyaran daidai yake a lissafi, amma ya fito ne daga Roma a lokacin da gaba tsakanin Katolika da Furotesta take da zafi. Ƙasashen Furotesta suka ƙi karɓa, ikilisiyoyin Otodoks na Gabas su ma haka. Aka shekara fiye da ɗari matafiyi yana ƙetare iyaka a Turai ya tarar kwanan wata ya sauya da kwana goma. Yankunan Furotesta na Jamus ba su bi ba sai 1700.

Ingila ta jira shekara 170. Da ta tashi karɓa a 1752, rarar ta riga ta zama kwana 11, sai Laraba 2 ga Satumba ta haifi Alhamis 14 ga Satumba. Har zuwa wannan lokaci kuma, a dokar Ingila sabuwar shekara ranar 25 ga Maris take farawa, ranar tunawa da albishir ɗin mala'ika ga Maryamu. Sawun wannan tsohon lissafi yana nan, domin shekarar harajin mutum a Birtaniya ranar 6 ga Afrilu take farawa. Ta hannun Turawan mulki da 'yan mishan wannan kalanda da aka gyara ta iso ƙasarmu.

Ƙasar Suwidin ce ta fi kowa shan wahala. Ta yi niyyar gyarawa kaɗan-kaɗan, ta fara a 1700, yaƙi ya ɗauke mata hankali, ta wayi gari kalandarta ba ta dace da ta kowa ba. Domin ta koma tsohon lissafi sai ta ƙara wa Fabrairun 1712 kwana biyu, aka sami ranar 30 ga Fabrairu. Sai a 1753 ta bi sahun sauran. Rasha kuwa sai a 1918, inda 31 ga Janairu ta haifi 14 ga Fabrairu. Shi ya sa juyin juya halin da ake kira na Oktoba, na shekarar 1917, a watan Nuwamba aka riƙa bikinsa. Girka ta biyo baya a 1923.

Amsar tambayar saurayinmu

Yanzu mun iso inda za mu amsa tambayar ajin baftisma. Gwamnatocin waɗannan ƙasashe sun sauya kalanda, amma wasu ikilisiyoyi, kamar ta Rasha da ta Sabiya da ta Urushalima, sun ci gaba da lissafin idodinsu da kalandar Kaisar. Tazarar da ke tsakanin kalandun biyu yanzu kwana 13 ce. Ku ƙara kwana 13 a kan 25 ga Disamba, za ku faɗa a 7 ga Janairu. Ke nan ɗan'uwanmu na Rasha da ke sujada ranar 7 ga Janairu, a littafin ikilisiyarsa 25 ga Disamba ce. Ikilisiyoyin Masar da Habasha suna da nasu watannin, kuma Kirsimetinsu ranar 29 ga watansu na huɗu take, wadda ta yi daidai da waccan tsohuwar 25 ga Disamba. Rana ɗaya muke nufi mu da su, ma'aunin ne ya bambanta. In kuma ba a yi wani gyara ba, bayan shekarar 2100 tazarar za ta zama kwana 14, masu bin kalandar Kaisar su koma 8 ga Janairu.

Sai dai wajibi ne mu faɗi gaskiya dukanta. Littafi Mai Tsarki bai ba da ranar haihuwar Yesu ba, bai ba da watan ba. Shaida mafi tsufa da ake da ita ta yin idin ranar 25 ga Disamba daga Roma take, ta shekarar 336. Masana tarihi sun kasu biyu a kan dalilin zaɓen ranar. Wasu sun ce an ƙirga wata tara ne daga 25 ga Maris, wasu kuma sun ce an ɗora ta a kan lokacin wani bikin rana na Romawa. Ikilisiyar Armeniya ma ranar 6 ga Janairu take nata. Babu ikilisiyar da ta san tarihinta da za ta rantse cewa a ranar kaza aka yi haihuwar. Rana ce da aka keɓe domin tunawa, kamar yadda dattawa da yawa a ƙauyukanmu, waɗanda ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, suke ɗauke da 1 ga Janairu a takardunsu, kuma ba wanda ya taɓa shakkar cewa an haife su.

Shekarar ma da gyara

Batun shekara ya fi wannan ban mamaki. Kiristocin farko ba su ƙirga shekaru daga haihuwar Almasihu ba. A shekarar 525 ne wani ɗan zuhudu a Roma mai suna Diyonisiyus yake shirya jadawalin ranakun Ista, ya tarar ana ƙirga shekaru daga hawan sarautar Diyokiletiyan, sarkin da ya tsananta wa masu bi ƙwarai. Ya ƙi ci gaba da tunawa da azzalumi, sai ya fara ƙirga daga shekarar da ya lissafa cewa ita ce ta zuwan Ubangiji. Lissafin bai bazu ba sai bayan da wani malamin Ingila mai suna Bede ya yi amfani da shi a littafin tarihinsa na shekarar 731.

Amma Diyonisiyus ya yi kuskure. Matiyu ya ce a zamanin sarki Hirudus aka haifi Yesu, yawancin masana tarihi kuwa sun tsaya a kan cewa Hirudus ya mutu a shekara ta 4 kafin farkon lissafinmu. Ke nan an haifi Almasihu wajen shekara huɗu zuwa shida kafin shekarar da muke kira ta haihuwarsa. Masu karatu da suka manyanta za su tuna fargabar da aka shiga gab da shekarar 2000, da masu wa'azin da suka ce duniya za ta tashi da cikar shekara dubu biyu. Ashe shekara dubu biyun ta riga ta cika tun wajen 1995 zuwa 1997, muna ta noma da kasuwancinmu ba mu sani ba.

Habasha kuwa lissafin wani ɗan zuhudun Iskandariya ta bi, wanda ya ajiye haihuwar a bayan ta Diyonisiyus. Shi ya sa shekararsu take bayan tamu da bakwai ko takwas, kuma sai ranar 12 ga Satumba 2007 suka yi bikin shiga shekararsu ta 2000. Watanninsu 13 ne, goma sha biyu masu kwana 30, da wani ƙarami mai kwana 5 ko 6. Agogonsu ma daga fitowar rana yake fara ƙirga, ƙarfe 7 na safe a wurinmu ƙarfe 1 ne a wurinsu. Haka aka yi lissafin yini a zamanin Linjila, shi ya sa sa'a ta uku da Markus ya ambata a labarin gicciye take nufin wajen ƙarfe 9 na safe, sa'a ta tara kuma ƙarfe 3 na yamma. Kiristocin Masar su kuma sun riƙe shekarar 284 ta Diyokiletiyan a matsayin farkon lissafinsu, suna kiransa zamanin shahidai, domin tunawa da waɗanda ya kashe.

Ba sai mun je nesa ba ma kafin mu ga kalanda biyu suna tafiya tare. Maƙwabtanmu Musulmi suna bin shekarar wata mai kwana 354 ko 355, wadda ta gaza ta rana da wajen kwana 11. Shi ya sa azuminsu yake zagaya damina da kaka da hunturu da bazara, ya dawo inda ya tashi cikin shekara 33 ko kusa da haka.

Mako bakwai ɗin nan

A cikin duk tsallaken da muka ambata na 1582 da 1752 da 1918, ku lura da abu ɗaya: an taɓa kwanan wata, amma ba a taɓa jerin ranakun mako ba. Alhamis ce ta haifi Juma'a, Laraba ta haifi Alhamis. An gwada karya makon a wasu wurare. Faransa ta kafa mako mai kwana goma a 1793, ta watsar da shi a 1802. Tarayyar Sobiyet ta gwada mako mai kwana biyar daga 1929, sannan mai kwana shida, ta dawo wa bakwai a 1940.

Harshenmu ma yana riƙe da wannan tarihi. Sunayen ranakun Hausa daga Larabci suke, kuma yawancinsu ƙirga ne kawai. Lahadi na nufin ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku, Laraba ta huɗu, Alhamis ta biyar. Juma'a ranar taruwa ce, Asabar kuwa tushenta ɗaya da Asabbacin Yahudawa. Duk wata Ladi da kowane Ɗanladi, sunansu yana shaida cewa Lahadi ce ranar farko ta mako, ranar da Linjila ta ce mata sun tarar da kabari ba kowa.

Amma ko ranar mako tana da nata sirrin, saboda duniya a mulmule take. A watan Yulin 1522, ragowar matuƙan jirgin Magelan, waɗanda suka fara zagaya duniya, suka tsaya a tsibiran Kef Bad da ke yammacin Afirka. Littafinsu ya ce Laraba ce, mutanen gari suka ce Alhamis. Ba su yi kuskure ko na kwana ɗaya ba, tafiyar yamma da suka yi ta bin rana ce ta cinye musu kwana guda. A zamaninmu ma, ƙasar Samowa da ke tekun Fasifik ta tsallake ranar Juma'a 30 ga Disamba 2011 ɗungum, domin ranakun aikinta su dace da na Ostareliya da Niyu Zilan, abokan cinikinta.

Ga saurayinmu da ire-irensa, shawararmu ita ce kada wanda ya tsorata ku da kwanan wata. Kalanda aikin hannun mutane ce, masu ƙoƙari da masu kuskure, an yi mata faci sau da yawa, kuma ikilisiya ba ta ɓoye wannan ba. In wani ya zo muku da lissafin ranar tashin duniya, ku tambaye shi da wace kalanda ya ƙirga. In kun haɗu da ɗan'uwa daga Habasha ko Masar ranar 7 ga Janairu, ku yi masa barka da Kirsimeti da zuciya ɗaya. A shekarar 2025, shekara 1700 cif bayan taron Nikiya, lissafin Gabas da na Yamma suka haɗu, aka yi Ista rana ɗaya, 20 ga Afrilu, a Roma da Mosko da Addis Ababa da Jos.

An yi wa saurayin nan baftisma tare da 'yan ajinsa. Ya gaya mana ya koma gareji ya zana wa mutumin lissafin kwana 13 a ƙasa da tsinke, mutumin ya duba ya ce zai yi tunani. Wanda ke da wata tambaya irin wannan, ya miƙa ta ga katikis ko faston ikilisiyarsa, ko ya rubuto wa wannan fili. Sai mun sake saduwa, in Ubangiji ya kai mu.